Tabon Ƙusa a Kan Murfi

Shafi na 19

A layin nan kowa da abin da yake faɗa a kan Yaya.

Mai kanti ya ce shekara goma sha biyar tana sayayya a wurinsa, bai taɓa ganin ta da takarda a hannu ba, kuma ba ta taɓa dawowa ta ce ta manta wani abu ba. Matar tela ta ce Yaya tana can ɗakinta take sanin shinkafa ta tsotse, da kunne kawai. Direban motar makaranta ya ce in Yaya ta harare ka, sai ka tuna laifin da ka yi bara.

Malaman makarantar ƙaninta kuwa abu ɗaya suka haddace, don duk ranar rabon sakamako sai Hedimasta, wato ƙanin nata, ya maimaita shi a lasifika. Iyayensu sun rasu yana ɗan shekara shida, tana da sha huɗu. Ita ta riƙe shi. Ita ta riƙa zaunar da shi da littafi kullum da yamma. Ita ta koya masa karatu.

Daga ranar Laraba kuma sai sabuwar magana ta shigo layin. Wai Yaya ta zuba gishiri a shayin baƙin Hedimasta, da gangan, don ba ta son gyaran kicin da matar ƙaninta ta ɗauko.

Hedimasta ya san bakin da kalmar nan ta fara fitowa. Nasa ne. Baƙi na fita ya juyo ya ce, "In gyaran ne ba kya so, ki faɗa da baki, ba sai kin zubar mini da mutunci da gangan ba. Daga yau ki huta da kicin ɗin nan." Taga a buɗe take, matar tela kuma tana shanya.

Tun daga lokacin Yaya ba ta ƙara taka kicin ba. Ranar Alhamis ya sayo mata lemo da ayaba, ya ajiye a ƙofar ɗakinta. Yau Asabar, ledar na nan inda ya bar ta, ayabar ta fara baƙi. Jiya kuma ta aiko masa da saƙo ta bakin matarsa: za ta koma wurin 'yar gwaggonsu, mota za ta zo ɗaukar ta yau kafin rana ta take.

Ya ce a ransa fushi ne, zai sauka.

Baba Kafinta ya iso ƙarfe tara, fensir a kunne, tef ɗin awo a aljihu. Mutum ne da ba ya gaggawa. Ko gaisuwa sai ya auna ta kafin ya yanka.

Kicin ɗin ƙafa takwas ne da ƙafa bakwai. In mutum biyu suka shiga, sai ɗaya ya nemi izini kafin ya juya. Don haka Hedimasta ya tsaya a bakin ƙofa, matarsa ta shiga da takardarta. Likita ake ce mata a layin, ko da yake ba likita ba ce, a ɗakin ajiyar magani na asibiti take aiki. Ta gaji da gyara wa mutane, ta bar su.

"Baba, ga abin da na zana," ta ce. "Bangon dama nake so a kai kantoci har rufi. Can sama a sa abin da ba a taɓawa sai shekara-shekara, manyan tukwanen nan na taro."

"To."

"Ƙarƙashin wurin wanke-wanke a yi masa ƙofa, bokiti da garin sabulu su shige. Bayan ƙofar nan a buga ƙugiyoyi, ludayi da mataci da rariya su sauka daga kan tebur. Murhun gas kuma a yi masa durowa biyu a ƙasa, masu zurfi."

"Lungun nan fa?"

"Shi ne ya gagare ni."

"Shi ke gagarar kowa. Lungu kabarin kaya ne, abin da ya shiga sai ranar tashi daga gida." Ya miƙa tef, ya rubuta wani abu a jikin bango. "Zan yi masa faranti mai juyawa. Ki murza, na baya ya zo gaba."

"Allah ya saka, Baba."

"Kantocin kuma kada zurfinsu ya wuce roba ɗaya. Kina jera biyu, ta baya ta zama marainiya."

Likita ta yi dariya, ta waiwayo ta ga ko mijinta zai taya ta. Bai taya ba.

Robobin suna jere a kan tebur, hawa uku. Sati biyu da suka wuce Baba Kafinta ya ce musu ba a yanka kanta sai an san abin da zai hau ta. Washegari Likita ta sayo robobi ashirin da huɗu, farare, masu kusurwa huɗu, duk kai ɗaya. Ta ce gwangwani mai zagaye ɓarawon wuri ne, kowanne sai ya cinye lungu huɗu a banza. Ta juye komai a ciki, ta manna wa kowace roba suna da manyan baƙaƙe, ta jera su bisa abacada yadda take jera magani: barkono, citta, fulawa, gishiri, har zuwa wake. Tsofaffin gwangwanayen Yaya kuma aka ɗure su a buhu bayan ƙofa, suna jiran mai sayen gwangwani.

Baba Kafinta ya naɗe tef, ya sake warware shi.

"Saura abu ɗaya. Tsayin wa zan auna?"

"Kamar yaya?" in ji Hedimasta.

"Teburin aiki da kantar tsakiya, da jikin mai girki ake yanka su. Abin da hannu ke nema kullum, tsakanin ƙugu da kafaɗa yake zama. Babbar Yaya gajeriya ce, ita kuma wannan Allah ya ba ta tsawo. Tsakaninsu ya kai taƙi guda. In na yanka don ɗaya, ɗayar za ta yi ta ɗage ko sunkuyo har katakon ya ruɓe."

Likita ta dubi mijinta. Shi kuma ya dubi rufi.

"Malam, kai ake jira," ta ce a hankali.

"Ka auna na Likita."

"Ka tabbata? Zarto ba ya komawa baya."

"Na ce ka auna nata."

"Ai gaskiya ya faɗa."

Muryar daga bayansa ta fito. Ya matsa gefe ba tare da ya sani ba, yadda yake matsawa tun yana yaro. Yaya ce, da mayafin tafiya, jaka a kafaɗa. Ta gaida Baba Kafinta, ta tambaye shi iyali da ciwon gwiwarsa. Ƙaninta kuwa ko kallo bai ishe ta ba.

"Buhuna na zo ɗauka, Amarya. Matsa mini kaɗan."

Shekara goma sha ɗaya da auren, har yau Amarya take ce mata.

"Haba Yaya, ina za ki da tsofaffin gwangwanaye?"

"Inda za ni da tsohuwar ni."

"Yaya, ki ajiye jakar nan," in ji Hedimasta. "Mutane na kallo."

"Wane mutane? Baba ne, kuma shi katako yake kallo."

Likita ta ciji leɓe. Hedimasta ya san alamar, abin da ta daɗe tana haɗiyewa ne zai fito.

"Baba, tunda kana nan, ka zama shaida. Ni ban kori kowa ba. Wuri nake nema mana. Tukunya a kan tukunya, gwangwani a kan taga, in za ka ɗauki gishiri sai ka sauke abu biyar. Amma dubi abin da aka yi mini." Ta jawo roba ɗaya. "Ko sati biyu ba su yi ba. Dubi murfin."

A kan farin murfin akwai tabon ƙuna guda uku, baƙaƙe, a jere.

"Ƙusa aka sa a wuta aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Duka ashirin da huɗun. Na yi shiru. Na tarar ana buɗe su ana lasa da yatsa, na yi shiru. In na jera, in dawo aiki in tarar an hargitsa. Sai kuma ga shayin ranar Laraba. Ni me na yi?"

Yaya tana ƙoƙarin jawo buhun, bakinsa ya maƙale a ƙarƙashin ƙofa.

Baba Kafinta ya karɓi robar. Ya shafa tabon da babban yatsa. Ya ajiye, ya ɗauki wata. Ya sauke hawa na sama, ya shimfiɗa su a kan tebur, ya sunkuya yana bin su da ido. Ya daɗe har Hedimasta ya duba agogo.

"Baba, awo muka kira ka."

"Shi nake yi." Bai ɗago ba. "Malam, zo ka gani. Ka nemo mini biyu masu tabo iri ɗaya."

Hedimasta ya leƙa. Wani ɗigo ɗaya. Wani biyu a tsaye, wani biyu a kwance. Wani zagaye. Wani layi da ɗigo a ƙarƙashi. Ya bi su har ƙarshe, ya sake dawowa.

"Babu."

"Babu. Mai ɓarna ba ya wahalar da kansa wajen bambanta ɓarnarsa." Ya zaro wani guntun katako daga jakarsa, ya nuna masa gefen. Akwai zane biyu da gicciye. "Ni ma haka nake yi wa katakona. Wannan ƙafar hagu ce ta baya. Duk garin nan ba mai karanta shi sai ni."

Ya juya wajen Yaya, ya rage murya.

"Babbar Yaya, mai ɗigo ɗaya fa?"

Ta yi kamar ba ta ji ba. Can ta ce, tana fuskantar bango, "Fulawa."

"Biyu a kwance?"

"Sitaci."

"Layi da ɗigo?"

"Madara."

"Uku a jere?"

"Gishiri."

"Mai zagayen nan fa?"

"Sukari."

Baba Kafinta ya ɗauki roba mai zagaye a murfi, ya juya jikinta wajen Likita. Hedimasta ya karanta ta saman kafaɗarta. GISHIRI.

Likita ta dafe baki.

"Ranar Talata," ta ce. "Ranar Talata ina hutu, na cire murafen duka na jiƙa su, ko baƙin zai fita. Da suka bushe na mayar."

"Kowanne a kan tasa?"

"Ai duk ɗaya ne, Baba. Duk ɗaya ne..." Muryarta ta mutu. "Kuma ranar na ƙaro gyaɗa da kanunfari, jerin ya motsa."

"To ga shayinku nan," in ji Baba Kafinta. "Baƙi sun zo ba shiri, ana sauri, gishirin zamani kuma laushi gare shi kamar sukari. Ta duba murfi, murfi ya ce mata sukari."



Hedimasta ya ji zufa a ƙeyarsa. Shekara tara yana raba gardamar yara, ya san in aka tsananta bincike laifi ba ya tsayawa a kan mutum ɗaya. Ya duba ko'ina yana neman inda zai raba wannan, ya samu.

"To, an ji. Amma ga rubutu a jiki. Baƙaƙe manya kamar na allon aji ɗaya. Yaya, me ya kai ki ƙona murfi tun farko? Me ya hana ki duba?"

"Ban ga tabarauna ba."

"Kullum tabarau. Takardar asibiti, tabarau. Saƙon waya, tabarau." Ya miƙa hannu saman firji, inda ya san suna kwana, ya ɗauko. "Ga su."

"Malam," in ji Baba Kafinta. "Bar shi haka."

"A'a, Baba, a gama magana. Sa, Yaya." Ya ɗora mata robar a hannu. "Me aka rubuta?"

Ta saki buhun. Ta sa tabarau, ta gyara su a kan hanci. Ta riƙe robar da hannu biyu, ta dube ta. Ta daɗe tana dubawa. Hedimasta ya ga yatsanta ya hau kan baƙin farko ya tsaya, yadda yake tsayawa a kan littafinsa shekaru talatin da wani abu da suka wuce.

Ta cire tabarau, ta ninke su, ta ajiye a kan tebur.

"Baƙi ne a kan fari, Auta."

"Me?"

"Abin da nake gani ke nan. Da tabarau, ba tabarau."

"Idon ne ya ƙara lalacewa? Ai sai ki faɗa, Likita ta kai ki a..."

"Idona ƙalau. Ina zura zare a allura. Karatun ne ban iya ba."

Ya yi dariya, gajeriya, wadda ba ta da daɗin ji.

"Wace irin magana ce wannan?"

"Wata huɗu na yi a aji ɗaya. Aka haife ka, Inna ta kwanta, ba mai goyo. Aka ce in zauna sai ta warke." Ta ɗaga kafaɗa. "Ba ta warke ba."

"Ke kike duba mini aiki."

"Kai nake dubawa."

"Kullum da yamma! Ki ce karanta, in karanta, in na yi kuskure ki ce sake!"

"In ka iya, muryarka sumul take tafiya. In ba ka iya ba, sai ka ja hanci ka sosa ƙeya. Sai in ce sake. Ga shi ma yanzu kana sosawa."

Ya sauke hannunsa.

"Kina bin layi da yatsa."

"Idonka nake bi. Inda ya je, yatsa ya je."

"Ranar da kika hana ni fita wasa sati guda, kika ce rubutuna duk kuskure ne?"

"Jan biro na gani ya yi yawa."

"Sa hannun da kike yi a katin sakamako fa?"

"Matar mai gidan da muke haya ta zana mini. Kwana uku ina kwaikwayo a ƙasa da tsinke. Har yau ban san wanne ne farkon sunan ba, wanne ne ƙarshe. Na dai san yana da ƙugiya biyu da wutsiya."

Baba Kafinta ya juya baya, ya shiga auna tagar da ya riga ya auna.

Hedimasta ya jingina da ƙofa. Abubuwa suka riƙa zuwa masa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya kira su. Yadda take miƙo masa wasiƙa ta ce hannunta da ruwa. Yadda take tambayar Likita in za ta sha magani, "Ja ne na safe ko farin?" Yadda duk saƙonta na waya na murya ne, shi kuma yana yi mata tsiya wai ƙyuya ce. Ya kama ɗaruruwan yara masu wannan dabarar. Daga bakin ƙofar aji yake gane yaron da ke motsa leɓe yana bin na kusa da shi. Amma wadda ke zuba masa abinci kullum, bai taɓa dubawa ba.

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"Da fari, in ka san ban iya ba, wayo za ka yi mini. Kai ɗin nan? Da ka karanta mini tatsuniya ka ce lissafi ne." Ta gyara mayafi. "Daga baya kuma ka hau lasifika. Shekara tara kana faɗa. Sai in miƙe a gaban iyayen yara in ce Hedimasta ƙarya yake yi?"



"Gwangwanayena kowanne da fuskarsa," ta ci gaba, ta taɓa buhun da ƙafa. "Mai lotsawa a gefe, gishiri. Mai hoton saniya, sukari. Kwalba mai shuɗin murfi, citta. Ko a duhu na san su. Sai na wayi gari Amarya ta kawo mini 'ya'ya ashirin da huɗu, uwa ɗaya uba ɗaya, duk da farar riga. Na buɗe na lasa, aka ce ina sa musu danshi. Na jera yadda zan gane, aka mayar. To sai na yi musu tsaga."

Likita ta riga ta fara hawaye. Ta kama hannun Yaya da hannu biyu.

"Yaya, ki yafe mini. Wallahi ban sani ba. Da na sani, da ko roba ɗaya..."

"Ke ba ki da laifi, Amarya. Yadda kike jera magani kika jera, kuma a can ba ki taɓa kashe kowa ba. Kicin ɗin ma gaskiyarki ne, ya yi kaɗan, ni ma ƙuguna ya gaji da karo da tukunya." Ta zare hannunta a hankali. "Ke jiya-jiya kika san ni. Wanda na goya shi ya ce da gangan."

Hedimasta ya buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Baba, ka auna tsayin Yaya."

Baba Kafinta ya waiwayo.

"Teburin da kantar tsakiya, duka da jikinta za a yanka. Likita ta sunkuya."

"Zan sunkuya," in ji Likita da sauri.

"Gwangwanayen kuma a mayar da su. A yi musu kanta tasu, ko wuri nawa za su ci."

"Ba sai an kai ga haka ba," in ji Baba Kafinta. "Akwai robobi garai-garai, ana ganin abin da ke ciki. Ko a bar waɗannan, a yi tabon a jiki maimakon murfi. Rubutu a gaba, tabo a gefe, kowa ya karanta nasa."

"Ka ji! Yaya, kin ji? An gama. Gobe in sayo garai-garai ɗin. Har da kujera doguwa, ki riƙa zama kina yanka albasa. Firjin ma in kina so a canja..."

"Auta."

Ya juyo ya dube ta.

"Ba katako ne ya kore ni ba. Kada ka ɓata wa Baba katako."

A waje mota ta yi ham sau biyu.

Yaya ta fizgi buhun, ya fita daga ƙarƙashin ƙofa. Ta bi ta gaban ƙaninta tana jan sa, gwangwanaye na ƙara a kan siminti. Ta tsallake ledar lemo da ayaba ba tare da ta dube ta ba.

"Baba, ka tsayar da ita ka auna mana," in ji Hedimasta.

"Ni ba na auna mutum yana tafiya."

"Malam," in ji Likita, tana share ido da bayan hannu. "Ba firji take jira ba. Kai ma ka sani."

Ya sani. Sau nawa ya tsayar da yaro a gaban taron safe ya ce, "Buɗe baki ka faɗa, yadda na bayan layi zai ji"? Shi kuwa rabonsa da faɗin kalmar neman gafara tun kafin a ba shi ofis. In ya ɓata wa malami, sai ya ba shi hutun yini. In ya ɓata wa Likita, sai ya sayo turare. Kowa ya gane, kowa ya karɓa. Yaya ma karɓa take yi, sai wannan karon.

Ya bi ta.

Rana ta fara zafi. Tasi na tsaye a ƙofar gida, direba ya buɗe but yana cusa buhun. Mai kanti ya fito bakin kantinsa. Matar tela na kan dakalinta da tiren wake, ta daina tsincewa. Can gaba wani malamin makarantarsa ya taho da jarida, ya hango Hedimasta, ya rage tafiya.

"Sai ina, Yaya?" in ji matar tela.

"Ziyara."

"Da gwangwanaye?"

"Su ma sun daɗe ba su fita ba."

Hedimasta ya tsaya a bakin ƙofa da silifas ɗin wanka. Magana ɗaya za ta wanke ta a layin nan: ya ce murfi aka musanya, ita kuma da murfi take ganewa, don ba ta iya... Ya haɗiye. Shekara arba'in tana rufe wannan, saboda shi. Ba shi zai buɗe shi a kan titi don ya sauƙaƙa wa kansa bayani ba. In ya cire wannan kuwa, abin da ya rage nasa ne shi kaɗai.

Direba ya rufe but. Yaya ta buɗe ƙofar baya, ta tura jaka, ta sa ƙafa ɗaya a ciki.

"Yaya."

Ba ta juyo ba.

"Ranka ya daɗe, mu tafi ne ko in sauke?" in ji direba. "Ina da wani fasinja."

Hedimasta ya sauko daga dakali. Ya zo har gefen motar, ya durƙusa a kan ƙasa da wandonsa mai guga. Malamin ya tsaya cak. Matar tela ta ajiye tire.

Muryarsa ta fito da ƙarfi, irin ta taron safe.

"Ni na ce da gangan kika yi. A gidan nan na faɗa, layin nan ya ji, to layin nan ya sake ji. Ƙazafi na yi miki. Ba ki yi komai ba, ni ne ban duba ba. Na yi kuskure, Yaya. Don Allah ki yafe mini."